Doka ta Arba'in da Ɗaya a Kundin Gvozden

Obrad da bakinsa yake ba da labarin ranar da ya maƙale a lungun gidan Gvozden, kuma duk sanda ya bayar sai yagewar wandon ta ƙaru da taƙi guda. Musu ne ya jawo, a kan wasan da suke yi duk Lahadi. Shi ya kafe cewa mai dogon mashi, in aka biyo shi ta baya a siririn lungu, zai iya juyowa nan take ya yi suka. Gvozden ya ce sai ya ɓata daƙiƙa goma. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, Gvozden ya miƙe ya ɗauko doguwar sandar da ake karkaɗo 'ya'yan itace da ita, ya haɗa wa Obrad ita da murfin tukunyar matarsa Zagorka a matsayin garkuwa, ya tura shi tsakanin bangon kicin da tarin itacen hura wuta, shi kuma ya tsaya yana duban agogon hannunsa.

Obrad ya juya da ƙarfin mai gaskiya. Kan sandar ya cije a bango, gindinta ya shige cikin itace, tsakiyarta ta tare shi a tumbi. Ya sunkuya zai bi ta ƙasa, wando ya ce ga garinku. Matar maƙwabci tana shanya a saman bene, ta ga abin da ko likitansa bai taɓa gani ba. Gvozden ko murmushi bai yi ba. Ya ce daƙiƙa goma sha huɗu, ya koma ciki, ya rubuta a kundinsa cewa ya yi kuskure, goma ta yi kaɗan, ya sa sunan Obrad a gefe a matsayin wanda aka yi gwajin da shi.

In ya kawo nan mutane sukan kwashe da dariya, shi ma ya taya su. Sai dai yanzu in dariyar ta lafa yakan yi shiru, abin da ba a san shi da shi ba. Teburin da aka yi wannan musu a kansa yau wata takwas ke nan ba wanda ya zauna masa, alhali Gvozden yana raye, yana gidansa, titi uku daga gidan Obrad. Kuma Obrad ya san bakinsa ne ya rufe teburin. Mutumin da duk 'yan'uwansa direbobin bas na garin Valjevo suka shaida ba ya haɗiye magana, sau ɗaya ya haɗiye, ita ce kuma ta tsaya masa a wuya.

Wasan ba abin kallo ba ne ga wanda ya leƙo. Manya ne huɗu zaune da takardu da fensir a kicin ɗin tsakar gida, ɗaya yana shimfiɗa labarin wani kango ko kogo mai cike da dodanni, sauran kowa da jaruminsa a rubuce: ƙarfinsa kaza, makaminsa kaza, lambar ransa kaza. In faɗa ya kaure sai a riƙa yin sa zagaye-zagaye, kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ɗan lido, lamba ta raba gardama. Mai ba da labarin shi ne alƙali. Shekara talatin da uku alƙalinsu ɗaya ne, Gvozden.

Ba neman kujerar ya yi ba, tsautsayi ne ya ɗora shi. A shekarar tamanin da tara yayan Dobrila, ɗaya daga cikin 'yan wasan, wadda yanzu take da kantin magani, ya zo hutu daga Jamus da wani littafin irin wannan wasa, ya ba su aro na kwana biyu. Vidoje, na huɗunsu, wanda a lokacin yake karatun zama malamin lissafi, ya lallaɓa da shi wani ofis da ke da injin kwafi. Yana shafi na sittin mai ofis ya turo ƙofa. Abin da ya rage ba a kwafa ba shi ne babin faɗa gaba ɗayansa. Suka wayi gari da wasan da za ka iya shiga kogo, ka kunna fitila, ka ga dodo ido da ido, amma babu hanyar da za ka bi ka mare shi.

Gvozden a lokacin mai awo ne a wata masana'antar noti da ƙusoshi. Aikinsa, in an taƙaita, shi ne ya ce a'a. Wasu su wuni suna ƙera abu, shi ya ɗora ma'auni ya ce ya ɗara da kaurin gashi, a mayar. Ba a gayyatarsa shan gahawa sosai. Ya karɓi takardun ya juya, ya ce ai faɗa ma abin awo ne, ya sayi kundi mai baƙin bango ya rubuta Doka ta Ɗaya: makamin da ya fi tsawo shi ke fara kai sara. 'Ya'yan lido masu fuska takwas da goma sha biyu da ashirin babu su a kasuwa, sai ya riƙa sassaƙa su da guntayen tagulla a lokacin hutun cin abinci. Kowanne sai ya jefa shi sau dubu yana rubuta abin da ya fito. Akwai wani da ya cika son bakwai, wanda Obrad ya roƙa a ba shi kyauta. Gvozden ya taka har gada ya wurga shi a kogin Kolubara, ya ce ba ya ajiye maƙaryaci a gida.

Rayuwarsa a waje da teburin ba ta da yawan surutu. Ya auri Zagorka, suka haifi 'ya ɗaya, ta girma ta tafi Austiriya aikin jinya. Masana'anta ta rufe, ya koma gyaran sikeli a kasuwa, inda masu sayar da cuku suke jin tsoronsa fiye da jami'an gwamnati. Shekarun da kuɗi ya zama takardar banza, da shekarar da jirage suka yi ta ruwan wuta, duk ba su hana Lahadi zuwa ba. In an gama cin abincin rana, ƙarfe biyu, kundi yana kan tebur.

A nan ne kuma Obrad ya shigo. Shi ne kum ɗin Gvozden, wanda ya tsaya masa shaida a coci ranar aurensa, ya kuma riƙe 'yarsa ranar da aka yi mata baftisma. Kowa ya san ba a sa-in-sa da kum. Ɗan'uwanka na jini kana iya maka shi kotu a kan katanga, amma kum ko inuwarsa ba ka takawa. A titi, a biki, a gaban mutane, su biyun sai ka ce jakadu: sannu kume, yauwa kume, bismillah kume, a'a kai dai fara. Sai an ja ƙofar kicin an buɗe kundi, sannan Obrad zai gaya masa cewa ko akuya aka ba fensir za ta fi shi sanin yadda ake riƙe garkuwa, shi kuma ya amsa cewa mutumin da ya kasa tsayar da bas daidai da tasha ba shi zai koya masa tazara ba. Zagorka ta sha rufe tagogi saboda maƙwabta.

Duk dokar da ke kundin daga irin wannan rigima ta fito. Ba a rubuta doka don an yi tunaninta da kyau. Sai an yi musu, an fita tsakar gida an gwada da sanda ko tsani ko buhun dankali, sannan Gvozden ya rubuta ta da ƙaramin rubutunsa, da kwanan wata, da sunan wanda ya sha kaye. Dokoki ɗari biyu da goma sha shida ne. Sunan Obrad yana gefen ɗari da talatin. Yakan ce ko shugaban ƙasa ba a ambace shi haka a littafi ɗaya ba.

Akwai kuma gungumen da ya tokare rufin kicin. Jarumin da ya mutu, mai shi yakan miƙa takardarsa, Gvozden ya buga ta a jikin gungumen da ƙusa ɗaya, ba a kuma ciro ta. Takardu sun kai arba'in a wurin, sun yi ja da hayaƙi, na ƙasa har ba sa karantuwa.

Sau ɗaya tak Obrad ya taɓa yin nasara. Yana da wani jarumi mai takobi da garkuwa, Vukota, wanda bai fi shekara da ƙirƙira ba lokacin da aka sare shi a wani faɗa, lambar ransa ta ƙare. Doka a wancan zamani ita ce, lamba ta ƙare, mutum ya mutu. Gvozden ya miƙo hannu. Obrad ya zauna a kan takardar. Ya ce mutum ba kwan fitila ba ne da za a danna ya mutu. Ya ce ko kazar da aka yanka tana samun damar zagaya gida. Lahadi goma sha ɗaya ba a yi wasa ba, musu kawai ake. A ta goma sha biyu ya shigo riƙe da hannun gwaggonsa Stanojka, wadda ta yi shekara talatin tana jinya a ɗakin gaggawa. Tsohuwar ta sha gahawa kofi biyu, ta dubi Gvozden ta ce, "Yaro, an taɓa kawo min mutum da ƙaton cokali mai yatsu na tara ciyawa a cinyarsa, a bayan tarakta, kuma har ya iso bai daina zagin surukinsa ba." Gvozden ya tambaye ta minti nawa, da inda ake ɗaurewa, da abin da ke faruwa in an makara. Ya rubuta komai. Sannan ya ɗauko jan biro, abin da bai taɓa yi ba, ya rubuta Doka ta Arba'in da Ɗaya: wanda ya faɗi yana da zagaye uku; in abokinsa ya kai gare shi ya ɗaure raunin, ya rayu, da tabo. A gefe ya sa: ta Obrad ce, ya ci ta da taimakon gwaggonsa.

Vukota ya rayu. Ya tara tabo goma sha bakwai a shekara ashirin da biyu, takardarsa ta sha gogewa har ta huje an manna mata wata a baya. Auren Obrad ma bai kai haka tsawo ba.

A watan Fabrairun bara Gvozden yana kasuwa yana gyaran sikeli sai sukudireba ta faɗi daga hannunsa na hagu, ya buɗe baki zai ce a miƙo masa, maganar ta fito a karkace. Shanyewar ɓarin jikin ba ta yi tsanani ba, inji likitoci. Bayan wata biyu yana tafiya da ƙafarsa, maganarsa ta dawo sai ɗan ja, hannun hagu ne kawai ya ƙi kama abu. Abin da ba a gani a ido shi ne lambobi. Mutumin da ya haddace jadawali ashirin a ka, yanzu sai ya tsaya yana kallon ɗan lido kamar baƙon da ya san fuskarsa amma sunan ya ɓace.

Ana saura kwana uku a koma wasa Zagorka ta hau bas ɗin Obrad. Ba ta zauna ba. Ta tsaya kusa da shi, riƙe da ƙarfe, har ƙarshen layi, inda kowa ya sauka. Sannan ta ce, "Kume, likita ya ce kada jininsa ya hau. Ciwo na biyu in ya zo ba zai bar min komai ba. Wasan nan shi ke tashinsa da safe, ba zan hana shi ba. Amma don Allah ka ɗaure bakin nan naka." Obrad ya so ya yi barkwanci, ya ce ai bakinsa ko birki ba shi da shi balle igiya, sai ya dubi fuskarta ya fasa. Ya ce to. Da yamma ya bi ta kantin Dobrila da gidan Vidoje, su ma suka ce to. Ba wanda ya ga wani abu a ciki sai alheri.

Lahadin farko Gvozden ya haɗa bakwai da takwas ya ce goma sha uku. Vidoje, wanda ya yi shekara talatin yana jan kunnen yara a kan ƙasa da haka, ya danna fensir har bakinsa ya karye, ya ce haka ne. Can gaba Gvozden ya ba jarumar Dobrila mai gatari sara biyu a zagaye ɗaya, aka karɓa da godiya. Ya bar wani dodo mai gajeriyar wuƙa ya riga mai mashi, ya taka Doka ta Ɗaya da ƙafarsa, Obrad ya ji maganar ta taso masa har haƙori, ya tura yankan burodi ya danne ta. Wasan da yakan kai bakwai na yamma ya ƙare ƙarfe huɗu. Zagorka ta auna jinin mijinta, ta yi wa Obrad murmushi ta bayan kansa, ta naɗe masa kek a takarda.

Haka aka yi ta tafiya, Mayu, Yuni, Yuli. Obrad bai daina surutu ba, ya dai sauya masa hanya. Ya yi ta ba da labarin fasinjoji, da ramukan titi, da tsohuwar matarsa. Ya yi dariya da komai ban da abin da ke kan tebur. Ba a ƙara fita tsakar gida gwaji ba. Kundi ya tsaya a doka ta ɗari biyu da goma sha shida. Gvozden ya soma wata ɗabi'a: in ya yanke hukunci sai ya ɗaga kai ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a amsa. Su kuma su gyaɗa kai su ukun, tare, kamar 'yan majalisa.

Abin da Obrad bai lura da shi ba, kuma shi ne abin da ya fi ci masa rai yanzu, shi ne kuskuren Gvozden yana raguwa. Wanda ya riga ya yanke ba zai yi musu ba, ba ya ƙara sauraro. Shi dai ya ji an faɗi lamba, ya ce haka ne.

Lahadin ƙarshe ta Agusta jaruman suna kan wata siririyar gada a ƙarƙashin ƙasa, wani ƙaton dodo mai guduma ya tare su. Ɗan lido ya ƙi Obrad sau uku a jere, guduma ta sauka, lambar ran Vukota ta ƙare. Ba wani abin tashin hankali ba ne. Sau goma sha bakwai ana haka. Jarumar Dobrila tana taku ɗaya daga gare shi, da ƙyallen ɗauri a jakarta, har Dobrila ta buɗe baki za ta ce ta durƙusa.

Gvozden ya ce, "Ya mutu. Miƙo takardar."

Dobrila ta dubi Obrad. Vidoje ya dubi silin. Obrad ya dubi kum ɗinsa, da bakinsa da ya ɗan karkace, da hannun hagun da ke kwance a kan kundi kamar safar da aka manta. Ba Vukota ne ya dame shi ba. Abin da ya faɗo masa shi ne, har wannan ma ta tafi. Doka ɗaya da aka rubuta da jan biro, mai sunansa a gefe, mai gwaggonsa a ciki, ita ma ciwon ya share ta. Ya ga in ya tuna masa yanzu, a gaban mutane, tamkar ya tuɓe shi ne. Ta taga kuma ga Zagorka tana ban ruwan tumatir.

Ya ce, "Haka ne, kume. Kai ka san doka." Ya miƙa.

Gvozden ya karɓi takardar. Sannan ya tashi a hankali, ya jawo aljihun tebur ya ɗauko hamma, ya yi ta lalube kafin ya zaɓi ƙusa, ya je gaban gungumen ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya riƙe takarda da ƙusa da hamma. Ya juyo ya dubi Obrad. Obrad, ɗan halak, ya yi zumbur ya miƙe, ya danne takardar da tafinsa, ya riƙe masa ƙusar da yatsu biyu, har yana cewa a dai yi hankali da yatsun, da su yake karɓar albashi. Ba wanda ya yi dariya. Bugu uku ƙusa ta shige.

Gvozden ya koma ya rufe kundi, ya tattara 'ya'yan lidonsa cikin gwangwani, ya ce mako mai zuwa babu wasa. Mako na gaba ma ya aiko Zagorka ta ce babu. Daga nan ba a ƙara aikowa ba, ba kuma wanda ya tambaya. In sun haɗu a titi, sannu kume, yauwa kume, ya jiki, da sauƙi.

Obrad ya ɗauka ciwon ne ya ci ƙarfinsa, ya yi ta gaya wa kansa cewa aƙalla sun rufa masa asiri har ƙarshe. Sai ƙarshen Satumba, lokacin da duk unguwa ta turnuƙe da hayaƙin gashin tattasai, Zagorka ta sake hawa bas ɗinsa. Wannan karon ta zauna, a kujerar bayansa, ta yi magana da ƙeyarsa. Ta ce tun watan Mayu kullum da safe, in ta tafi kasuwa, Gvozden yakan zauna da kundin ya bi shi doka-doka, yana haɗa lambobi da ƙwayar wake, kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce a Agusta ya sa ta riƙe kundin ta yi masa tambayoyi, ya amsa ɗari biyu da goma sha shida bai faɗi ko ɗaya ba, ya roƙe ta kada ta gaya musu, yana so su gani da kansu. Ta ce safiyar waccan Lahadi ta same shi da shafin jan biro a buɗe, ya karanta mata shi sau biyu, ya ce yau zai san ko da sauran mai ganin sa mutum.

Obrad ya wuce tasha biyu bai tsaya ba, fasinjoji suna ta buga ƙararrawa.

Ta ce ba ya cin abinci sosai, ba ya zuwa kasuwa, jininsa lafiya lau kamar na jariri, amma shi kansa kamar an zare masa laka. Ta ce ita ta jawo, ta sani. "Ka je ka yi masa musu, kume. Ka zage shi in ka ga dama. Zan rufe tagogi."

Ya kwana biyu yana shirya abin da zai faɗa, yana gwadawa a madubin bas. Ranar Asabar da hantsi ya tura ƙofar gidan ba sallama. Gvozden yana zaune a kan ɗan benci a tsakar gida, gaban faffaɗan murhun ƙarfe, da kwano a cinyarsa, yana ɓare gasasshen tattasai da hannu ɗaya, yana danne shi da gefen ɗayan. Ya rame. Rigar da Obrad ya san ta cike, yanzu kafaɗunta sun zubo.

Obrad ya fara daga inda ya shirya. Ya ce shi bai taɓa ganin alƙalin ƙarya irin wannan ba, ya ce Doka ta Arba'in da Ɗaya tana nan da jan biro, zagaye uku, kuma Dobrila tana taku ɗaya. Ya ce a ɗauko filaya a ciro masa takardarsa yanzun nan, ko ya tono gwaggonsa daga kabari ta zo ta maimaita. Da farko muryar tasa ma ba ta gamsar da shi ba, kamar mai karanta sanarwa. Amma yana cikin yi sai abin ya kama shi da gaske. Ya tuna shekara ashirin da biyu, da tabo goma sha bakwai, da ƙusar da ya riƙe da yatsunsa, da watannin da ya yi yana makokin mutumin da ke zaune lafiya yana auna shi. Ya ce wane irin kum ne zai ɗana wa kum ɗinsa tarko. Ya ce tsoro ne ya sa shi, tsoron kada wata Lahadi ya zo ya tarar da kujera ba kowa, in kuma wannan laifi ne to a rubuta shi a kundi, a sa sunansa a gefe, ya saba. A nan ya tsaya yana haki, hayaƙi yana shigar masa ido.

Gvozden bai ɗago ba sai da ya gama ɓare tattasan da ke hannunsa, ya jefa shi a kwano, ya goge yatsunsa a gwiwa. Ya dubi tagogin gidan, waɗanda duk aka rufe su tun kafin Obrad ya shigo, da labulen da ke motsi a ɗaya daga ciki. Sannan ya dubi Obrad, irin kallon da yakan yi wa noti kafin ya ce a mayar.

Ya ce, "Wancan karon Zagorka ta ce ka yi shiru, ka yi. Yau ta ce ka yi hayaniya, ga shi kana yi. Leƙa ka tambayo ta ƙarfe nawa za ka tashi aiki, kume, kada ka zarce. In kuma ka gama duba marar lafiya, ja min ƙofar."